Allon Tagulla a Gaban Jirgi

Ruwais, Jidda
Farkon Jimada Ula

Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Fauziyya da jikoki da mutanen Tudun Wada baki ɗaya. Mu nan alhamdulillah, sai gwiwa da ta mayar da ni salla a kan kujera. Kada ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekaru. Fatsuma ce, 'yar kawunka da ya taho hajji da ƙafa bai koma ba. Uwargijiyarka ke nan, tunda kai ɗan mace ne ni 'yar namiji. An ce mini injinan jirgi sun cinye maka kunne, ba ka jin waya, shi ya sa na rubuta a takarda da ajami, na ɗauki hoto na tura wa Fauziyya. Boko dai ban iya ba, kai kuma na san ka yi allo.

Ga abin da ya kawo ni. Ɗana Badr, wanda ka bari yana rarrafe shekarar da ka zo hajji, yanzu matuƙin jirgi ne. Ba irin manyan nan na alhazai ba, ɗan ƙarami mai kujera biyu, a wani nadi, ya'ni ƙungiyar masu tuƙi, can arewa da gari. Yana koyar da mutane, yana kuma zagayawa da masu son kallon teku daga sama. Shi kaɗai Allah ya bar mini tun da mahaifinsa Abdulghaffar ya rasu bara.

Yana da wata 'yar na'ura kamar sabulun wanki, mai eriya kamar yatsa, da yake ɗorawa a gaban jirgi. Ita ce ke nuna masa sauran ƙananan jiragen da ke kusa, ta kuma nuna shi gare su, don a filinsu babu hasumiyar da ke ba da hanya, kowa da idonsa. Ranar Juma'a na ji yana gaya wa abokinsa Rayan a waya cewa tana mutuwa a sama ta sake tashi da kanta. Da na tambaye shi sai ya ce, "Basiɗa ya Ummi, ƙaramin abu ne." Ni ban yarda akwai ƙaramin abu a sama ba.

Kai ka yi rayuwarka kana gyaran rediyon jirage. Ka taimake ni, tsoro nake ji. Abin da nake so kawai, ya ga mutane a sama, su ma su gan shi.

Ƙanwarka,
Fatsuma

Tudun Wada, Zariya

Uwargijiyata Fatsuma,

Wa alaikumus salam. Bawa ya amsa kira. Muna lafiya, Fauziyya tana gaishe ki. Kunne kam ya tafi, yanar ido kuma ta fara kama ni, sai na kai takarda hanci nake karatu. Ajaminki irin na mutanen Makka ne, duk ya kwanta gefe ɗaya, amma na gane. Allah ya jiƙan Abdulghaffar. Ba kullum muka jitu ba, amma direba ne da ban taɓa ganin irinsa ba.

Na'urar da ke mutuwa ta tashi da kanta yunwa take ji. Mafi yawan irin wannan ciwo wuta ce, ba na'urar ba. Ki tambaye shi da me yake ba ta wuta. Ina kyautata zaton cajar mota ya soka a ramin kunna sigari, da doguwar waya siririya irin ta cajin salula. Siririyar waya tana shanye wuta a hanya. Duk lokacin da na'urar ta yunƙura za ta aika saƙo, sai wutar ta gaza, ta faɗi, ta sake tashi. Ya nemi gajeriyar waya mai kauri da caja mai ƙarfi. Ya taɓa bakin da wayar ke shiga, idan yana motsi ya ɗaure shi da tef, don jirgi mai farfela ba ya daina jijjiga. Kuma kada ya bar ta a bayan gilashi in ya ajiye jirgi a rana. Na ɗanɗana zafinku, ya ishe ta suma.

Ki turo mini lambarsa. Da Turanci za mu gama wannan cikin ƙiftawar ido, ba sai mun wahalar da ke ba.

Yayanki,
Yelwa

Ruwais, Jidda
Ƙarshen Jimada Ula

Yaya Yelwa,

Bayan gaisuwa da tambayar ido. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Kamar kana cikin jirgin! Doguwar waya ce fara, ta tsohuwar salularsa. Ya je kasuwar Bani Malik ya sayo gajeriya mai kauri da sabuwar caja, na'ura ta daina mutuwa.

Lamba kuwa ba zan ba ka ba, kuma zan gaya maka dalili ba kunya. Tun rasuwar mahaifinsa yaron nan ya zama kamar baƙo a gida. Ya shigo, ya sumbaci kaina, ya ci abinci a tsaye, ya shige ɗaki. Ranar da wasiƙarka ta zo na ce, "Khalinka, kawunka na Zariya, ya aiko maka saƙo." Ya zo ya zauna kusa da ni a kan darduma, kafaɗarsa na taɓa tawa. Haruffan yana iya karanta su, amma Hausarsa ta kunne ce, yana ji ba ya iya mayarwa sosai. Ni nake karantawa da ƙarfi, shi yana tsayar da ni. "Ummi, esh ya'ni jijjiga?" Ma'anarta yake tambaya, sai na kama hannunsa na girgiza. Da muka zo wajen yunwa ya yi dariya har ya kwanta. Yaya, na manta yadda dariyarsa take. Ya ce, "Wallahi Khali mu'allim ne." Ranar ya sha shayi kofi biyu tare da ni. Idan na ba ka lamba, ku yi Turancinku ku bar ni da gwiwata. Ma'alesh, ka yi haƙuri ka bar ni in zama ɗan aike.

Yanzu wata sabuwa ta fito. Ya ce tun da ya sa sabuwar caja, rediyon da yake magana da sauran matuƙa yana yin shuuu a kunnensa, kuma jiragen da a da yake gani tun daga nesa, sai sun matso suke fitowa. Ya ce in tambaye ka ko aljanu ne. Wasa yake, amma ni ban yi dariya ba.

Ƙanwarka,
Fatsuma

Tudun Wada, Zariya

Fatsuma,

Ina gaishe ki, ina gaida matuƙi. Na bar maganar lamba. Ɗan aiken da ake ba shayi kofi biyu bai kamata a kore shi daga aiki ba.

Ki gaya masa aljanin nan a Bani Malik ya saye shi, kuma araha ba ta ado. Caja marar kyau tana ba da wuta, amma tana fitar da ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, rediyo ne ke ji. Na'urarsa kuma sauraro ne aikinta. Ki kwatanta mutum yana son jin kiran salla daga nesa, ga injin niƙa a ƙofar gidansa. Gwajin mai sauƙi ne, kuma a ƙasa zai yi shi, ba a sama ba. Ya kunna rediyo, ya zare cajar. Idan shuuu ɗin ya ɗauke, ya kama ɓarawo. Ya jefar da ita, ya sayi wadda aka yi don jirgi, ko ya ba na'urar wuta daga batirin hannu mai kyau. Akwai wani baƙin ƙulli da ake maƙala wa waya, irin wanda ake gani a wayar kwamfuta, ya sa ɗaya kusa da na'urar. Kada wayar wuta ta kwanta tare da wayar abin da yake sawa a kunne.

Sai eriya. Ta tsaya tsaye cak, kada ta kwanta, kada ta jingina. Ya murɗa gindinta da yatsa ya tabbatar ta kama. Bayan ya yi duk wannan, ya lura ko akwai ɓangaren da jirage ke ɓace masa, dama ko hagu, gaba ko baya. Kuma ya ɗauko mini hoton gaban jirgin yadda yake in zai tashi. Kurma ne ni, a wajena gani ya kori ji.

Yelwa

Ruwais, Jidda
Jimada Akhir

Yaya Yelwa,

Gaisuwa mai yawa. Fauziyya ta ce an sa maka ranar aikin ido a Kano, Allah ya sa a yi a sa'a.

An kama ɓarawo. Ya zare caja, ƙara ta ɗauke, ya kira ni daga fili yana ihu, "Ummi, gaya wa Khali halas, an gama!" Ya sayi ta kirki, ya maƙala baƙin ƙullin. Kalmar da ya tsayar da ni a kanta wannan karon ita ce cak. Yanzu ko tsintsiya ya gani a jingine sai ya ce, "Ummi, ba ta tsaya cak ba."

Saura abu ɗaya. Ya ce shi da Rayan sun gwada, kowa a jirginsa. Idan Rayan na hagu ko baya, yana ganinsa tun daga nesa. Idan ya ɓullo ta gaba wajen dama, sai ya ɓace, sai sun kusa. Shi ma Rayan haka, ta wannan ɓangaren ba ya ganin Badr.

Ga hoton. Na'urar ce a tsakiya. Abin da ke sheƙi kusa da ita, ta dama, za ka gane shi in ka duba da kyau. Allon tagullar nan ne mai addu'ar tafiya, wanda ke tsaye a gaban motar Abdulghaffar. Tun kafin aurenmu yake ɗaukar alhazai tsakanin Jidda da Makka da Madina da allon nan a gabansa, ko ƙwarzane motar ba ta taɓa yi ba. Da za a sayar da motar ni na cire shi da hannuna. Na ba Badr, na sa ya yi mini alkawari ba zai tashi ba sai yana gabansa. Ya manne shi da gam mai ƙarfi. Idan na ji ƙarar ƙaramin jirgi ya bi ta bakin teku, allon nan nake tunawa, sai zuciyata ta kwanta.

Ƙanwarka,
Fatsuma

Zariya

Fatsuma,

Mota na jira a waje, asibiti za a kai ni, da ƙyar nake ganin layi. Na ga hoton. Allon nan ba wurinsa ba ne. Ki ce ya cire shi daga gaban jirgi yau, kada ya sake tashi da shi a nan. Ba kariya yake ba shi ba. Zan yi bayani in na dawo.

Yelwa

Ruwais, Jidda
Jimada Akhir

Yelwa,

Ina fatan an yi aiki lafiya. Wannan haƙƙin zumunci ne, na sauke.

Hali zanen dutse. Na ɗauka tsufa ya sanyaya ka, ashe kana nan yadda kake. Kana tsammanin na manta? Shekarar hajjinka Abdulghaffar ya ɗauko ka daga filin jirgi, bai karɓi komai ba, ni ina baya da Badr a cinya. Ko ihraminka bai gama zama a jikinka ba ka nuna allon nan ka ce addu'a a harshe take, ba a jikin ƙarfe ba, ka ce rataye ta bidi'a ce. Tun daga Jidda har shingen Shumaisi na shiga Makka kana yi masa wa'azi a cikin motarsa. Ya ƙyale ka, don kai baƙon Allah ne, amma ranar bai ci abinci ba. Yanzu yana kabari, ka biyo allon har cikin jirgin ɗansa. "Ba kariya yake ba shi ba." Na san Allah ne mai karewa, ba sai ɗan boko ya koya mini ba. Mu da aka haifa a ƙofar Harami ba mu jira ku ba kafin mu san tauhidi.

Na tambaye ka waya da eriya, ban tambaye ka fatawa ba. Ban karanta wa Badr wannan takardar ba, kuma ba zan karanta ba. Ya zo ya zauna a darduma yana jira, na ce Khalinka yana asibiti, bai aiko da komai ba. Ya tashi ya shiga ɗaki. Ka ga abin da ka jawo mini.

Abin da ya rage masa na ubansa ke nan. Kada ka sake rubuto mini a kansa.

Fatsuma

Tudun Wada, Zariya
Ƙarshen Rajab

Fatsuma ƙanwata,

Don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe. Yau aka ba ni izinin karatu. Idon ya yi ruwa bayan aiki, aka sake rufe shi. Wasiƙarki tana cikin wayar Fauziyya tun tuni, ita kuwa ba ta iya ajami ba, ta ɗauka gaisuwa ce. Da na karanta, nan take na ɗauko takarda.

Ba maganar addini nake ba, wallahi. Maganar tagulla nake. Ko sunana aka rubuta a jikin allon, ko ba a rubuta komai ba, abin da zan faɗa ke nan. Saƙon da na'urar ke aikawa da wanda take karɓa ba ya ratsa ƙarfe. A hoton da kika turo, tsakanin allon da eriya bai fi yatsa biyu ba, kuma yana tsaye ta gaba wajen dama. Nan ne Rayan ke ɓacewa. Ki kunna fitila ki kara tafin hannu a gefenta, ki ga inda inuwa ta faɗa. Badr makaho ne ta wannan inuwar, kuma duk wanda ke cikinta ba ya ganinsa.

Ban ce a jefar da shi ba. Ya sa shi a aljihun rigarsa, ko a jakar bayan kujera, ko ya manne shi can ƙasa nesa da eriya. Alkawarinsa bai karye ba, allon ubansa na tare da shi. Taku ɗaya kawai zai matsa.

Na rubuta waccan a tsaye, direba na danna ham, na sa umarni a gaba na bar dalili a baya. Ki zage ni yadda kike so, taubashiyata ce ke, amma ki gaya masa yau. Ko ki ba Fauziyya lambarsa.

Yayanki,
Yelwa

Tudun Wada, Zariya
Sha'aban

Fatsuma,

Muna lafiya. Fauziyya ta ce alamar wayarki ta nuna saƙona ya isa, amma ba a buɗe ba. Ta kira, ba a ɗauka. Na tambayi dangi a Fagge da Sabon Gari, kowa lambarki yake da ita, ba wanda ke da ta yaron. Sunan ƙungiyarsu ma ba ki taɓa faɗa mini ba.

Maƙwabcina Malam Ikrama zai tafi Umra farkon azumi. Na ba shi takarda da Turanci, da sunan Badr a bayanta, na kwatanta masa gidanku a Ruwais. Ki yi haƙuri da na tsallake ɗan aike. Ba na iya cin abinci.

Yelwa

Ruwais, Jidda
Ramadan

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Badr ya rasu. Na san Malam Ikrama ya riga ya sanar da ku, amma ina so ka ji da rubutuna.

Ranar Asabar ce ta ƙarshen Sha'aban, da safe. Ya karya da ful da tamis, wake da gurasar nan tamu, ya sumbaci kaina, ya ce zai sayo mini dabinon azumi in zai dawo. Shi kaɗai ne a jirgin. Akwai hazon teku ranar, irin mai sa sama da ruwa su zama abu ɗaya. Wani matuƙi mai suna Sa'ud yana dawowa fili, Badr yana fita. Fikafikansu suka haɗu. Sa'ud ya samu ya sauka da karyayyen jirgi, Allah ya yi da sauran kwanansa. Na Badr ya faɗi a rairayi. An yi masa salla a Harami, aka kai shi inda aka kai mahaifinsa.

Sa'ud ya zo ta'aziyya da mahaifiyarsa. Yaro ne, bai kai Badr ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka yana cewa, "Wallahi ya khala, ya inna, ban gan shi ba, jihaz ɗina, ya'ni na'ura, bai nuna mini komai ba sai da na gan shi da idona." Na ce masa Allah ya riga ya rubuta. Ban san abin da ya sa na tambaye shi ba, na ce ta ina ka ɓullo masa? Ya ce ta gabansa, wajen dama.

A lokacin ban buɗe wasiƙarka ba. Tana cikin waya tun Rajab. Kullum ina ganin sunan Fauziyya, ina cewa sai na huce. Bayan an watse daga zaman makoki Malam Ikrama ya yi sallama da takarda mai sunan Badr. Na karɓa, na shiga ɗaki, na buɗe wayar. Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa.

Rayan ne ya kawo mini allon. Ya koma wajen bayan masu bincike sun kwashe komai, ya tsince shi can nesa a cikin rairayi, ya ɗan lanƙwashe ta gefe ɗaya. Ya goge shi, ya naɗo a hankici, ya ce, "Ya Ummi, ki yi farin ciki, addu'ar tana gabansa har ƙarshe." Ya yi zaton sanyi ya kawo mini. Na yi masa godiya.

Na ba Malam Ikrama allon ya kawo maka. Fauziyya ta taɓa cewa har yanzu kana da teburin aikinka da mitocinka. Ka samo eriya irin tasa, ka tsayar da allon yatsa biyu daga gare ta kamar yadda yake a hoton, ka auna. Ka gaya mini ko da na karanta masa layi huɗun nan, da na'urar ta nuna masa Sa'ud. Kai ba ka taɓa tausasa wa kowa gaskiya ba, ko a cikin ihrami. Kada ka fara a kaina.

Fatsuma

Tudun Wada, Zariya
Shawwal

Fatsuma ƙanwata,

Allah ya jiƙan Badr, ya sa ya huta, ya haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Allah ya ba ki haƙurin da ba ni da shi. Tun yana rarrafe ban ƙara jin muryarsa ba, ba kuma zan ji ba ko da yana raye, amma na san dariyarsa daga rubutunki. Mun yi masa addu'a a masallacin unguwa. Fauziyya tana ta kuka, tana cewa da ta iya ajami.

Malam Ikrama ya kawo amanar. Ya fi yadda na tuna nauyi. Gefen da Abdulghaffar ke shafawa da yatsa in zai tayar da mota ya sule, har rubutun ya kusa ɓacewa.

Na share teburin. Na samo eriya, na tsayar da ita cak. Fauziyya ta jona mini mita. Na zauna a gabansu tun hantsi har aka kira azahar, ita ce ta taɓa kafaɗata ta gaya mini an kira. Ban kunna ba. Na sa ta kwashe komai ta mayar cikin kwali.

Ba zan auna ba, Fatsuma. Mita za ta faɗi abin da tagulla ke yi a kan tebur a Zariya. Ba ta san hazon ranar ba, ba ta san inda idonsa yake kallo ba, ba ta san ko na'urar Sa'ud ma tana da nata ciwon ba. Na ga jirage masu lafiyayyun na'urori sun yi karo. Ke kin ba ɗanki abin da ya fi komai daraja a hannunki don ya dawo miki lafiya. Ni na rubuta layi huɗu inda ya kamata in rubuta goma. Idan kina neman wanda za ki yi fushi da shi, ga ni, na saba.

Na karanta addu'ar da ke jikin allon, wannan karon a zaune, ba wa'azi. Ƙarshenta ne ya tsayar da ni, inda matafiyi ke cewa ga Ubangijinsa zai koma. Na sa allon a aljihun rigata. In kina so a dawo miki da shi, akwai masu zuwa hajji.

Ki ci gaba da rubuto mini, ko babu na'ura.

Yayanki,
Yelwa

Ruwais, Jidda
Zulƙida

Yaya Yelwa,

Ina gaishe ka, ina gaida Fauziyya. Ka ce mata ta daina kuka, ba ta da laifi. Gwiwa tana nan. Rayan yana zuwa duk Juma'a ya kawo mini burodi.

Wasiƙarka ta zo, kuma wannan karon na buɗe ta nan take. Kai da ka auna siririyar waya daga Zariya ba tare da ka gan ta ba, ka zauna tun hantsi har azahar ka kasa kunna mita. Da kana da shakka ko kaɗan, da ka kunna, don ka samo mini abin da zan riƙe. Sau ɗaya na karanta ka ba daidai ba. Wannan karon na karanta daidai. Na gode da ka rufa mini, Allah ya rufa maka.

Ka riƙe allon. Ba na iya ganinsa, ba na kuma iya jin an jefar.

Da ƙarfi na karanta wasiƙar, a kan darduma, yadda muka saba. Da na zo inda ka ce gefen ya sule, sai na tsaya, don na san bai san wannan kalmar ba. Na daɗe ina jira.

Ƙanwarka,
Fatsuma